Ruwan da Maami ta yayyafa har matakalarmu

Maman Hanifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Talata, na kasa haɗiye shi, shi ya sa na kawo shi nan.

Shekararmu biyu ke nan a Cennai, kudancin Indiya, maigidana yana karatun digiri na uku. Muna haya a saman bene, masu gidan, mabiya addinin Hindu, suna ƙasa. Tsohuwar gidan Maami muke ce mata, haka kowa a layin yake kiranta. Tsakanina da ita sai alheri. Lokacin da Hanifa ta yi zazzaɓi cikin dare, ita ta tashi ɗanta ya kai mu asibiti.

Ranar Litinin famfonmu ya ƙi kawo ruwa, na sauka in gaya mata. Na shiga falonsu, Hanifa ta ruga za ta faɗa jikinta kamar yadda ta saba, sai Maami ta ja da baya, ta ɗaga hannu tana cewa kar ta taɓa ta. Ko kofi ba ta ba ni ba, alhali ban taɓa shiga gidan nan na fito ban sha ba. Washegari ina idar da sallar asuba na ji karatu yana tashi daga ƙasa. Na leƙa ta matakala, na ga malaminsu zaune a tsakar falo ba riga, da zare rataye a kafaɗarsa. An shimfiɗa ganyen ayaba, an zuba ɗanyar shinkafa a kai, an ɗora ɗan tulun tagulla da aka naɗe da farin zare. Ganyen mangwaro ya fito daga bakin tulun, an kifa kwakwa a samansa, an shafa mata kurkum. Ya daɗe yana karatu. Da ya gama ya cire kwakwar, ya riƙa tsoma ganyen cikin ruwan yana yayyafa wa mutanen gidan, ya bi ɗaki ɗaki, kicin, ƙofar waje, har kujerar da na zauna jiya. Ya hau matakalarmu yana yayyafawa, ya tsaya dab da ƙofarmu ya juya.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Shin ni aka wanke daga gidan? Don ni Musulma ce, ko don baƙa ce, ko don muna cin nama? Wanda ya san al'adar mutanen nan don Allah ya fayyace mini.

Abu Safwan

Wa alaikumus salam. Ai ba sai an fayyace miki ba Hajiya, abin a fili yake. Mutanen da suke ɗaukar ɗan'uwansu Ba'indiye najasa, ke da kika fito daga Afirka me kike tsammani? Ku nemi gida a unguwar Musulmi ku tashi.

Hajiya Babba

Abu Safwan, a bi a hankali. Yarinya tana ƙasar mutane da ƙaramar 'ya, ba a ingiza ta haka. Maman Hanifa, 'yata, matar da ta tashi ɗanta cikin dare saboda 'yarki ba za ta wayi gari ta ga ke ƙazanta ce ba. Akwai abin da ba ki gani ba tukuna.

Tsohon Ɗalibin Pune

Maman Hanifa, shekara shida na yi a ƙasar nan, kuma na halarci irin wannan har sau uku a gidajen abokan karatu. Abin da kika kwatanta sunansa punyahabacanam, mutanen kudu suna gajarta shi su ce punyaham. Ma'anar kalmar ita ce furta cewa rana ta zama mai albarka. Maigida ne yake roƙon malaman su faɗa da bakinsu cewa yau rana ce mai kyau, su kuma su amsa masa da cewa ta zama hakan.

Tulun nan da kika gani shi ake kira kalasha, kuma shi ne zuciyar abin. A aƙidarsu, ruwan da ke ciki ruwan famfo ne kawai har sai an yi karatu a kansa. Malamin yana kiran Baruna, wanda suke ɗauka ubangijin ruwa, ya sauka cikin tulun. Yana kuma kiran koguna bakwai da sunayensu: Ganga, Yamuna, Godabari, Saraswati, Narmada, Sindhu da Kaberi, yana cewa su halarci wannan ruwa. Wato mutum yana zaune a falonsa a Cennai, amma a wurinsa manyan kogunan ƙasar duk sun taru a ɗan tulun da ke gabansa. Saraswati ma ba kogin da ido yake gani ba ne a yau, suna cewa a ɓoye yake haɗuwa da Ganga da Yamuna a Prayagraj. Sindhu kuwa mafi yawansa a Pakistan yake gudana yanzu, kuma daga sunansa ne kalmar Hindu da ta Indiya suka samo asali. Kaberi shi ne naku na nan jihar Tamil Nadu.

Ba a yin wannan don baƙo ya shigo ya zauna a kujera. Kiran malami kuɗi ne da shiri, sai an tanadi kayan tun kafin ranar. Lokutan da aka fi yin sa sanannu ne: bayan haihuwa, bayan mutuwa, kafin a tare a sabon gida, da kuma gabanin manyan bukukuwa kamar aure.

Bari in tambaye ki abu ɗaya. Zanen nan na garin shinkafa da matan gidan suke yi a ƙofa kowace safiya, wanda suke kira kolam, kin gan shi a kwanakin da suka wuce?

Maman Hanifa

Ikon Allah. Yanzu da ka faɗa na tuna. Ya fi mako guda ƙofar nan fayau take, har Hanifa ta tambaye ni ina furen Maami, don haka take kiran zanen. Kuma 'yar ƙararrawar da nake ji da yamma daga ɗakin ibadarsu ma na daina jin ta. Ranar Laraba zanen ya dawo.

Tsohon Ɗalibin Pune

To ga shi nan. Ina kyautata zaton rasuwa aka yi musu. A wurin Brahmanan Tamil, wato 'yan ajin da malaman addinin Hindu suke fitowa daga ciki, idan ɗan'uwa na kusa ta wajen uba ya mutu, ko da a wani gari ne, dukan gidan suna shiga wani hali da suke kira tittu na kwana goma. Cikin kwanakin nan ba sa zanen ƙofa, ba sa ibada a ɗakin gumakansu, ba sa zuwa wurin bauta, kuma ba a cin abincin gidan. Su ne suke ɗaukar kansu marasa tsarki. A rana ta goma sha ɗaya a yi wanka, a wanke tufafi, a kira malami ya yi punyaham, gida ya koma yadda yake. Idan haka ne, da ta ja da baya daga Hanifa, kare ta take yi daga abin da take ganin yana jikinta ita. Kofin da ba ta ba ki ba ma dalilin ke nan.

Abu Safwan

Zato ne dai wannan. Ka yi musu kwalliya da yawa Malam. Ko ka manta abin da suke yi wa 'yan Dalit?

Barista Gusau

Abu Safwan ya yi gaggawar yanke wa Maami hukunci, amma tsoron da ya kama Maman Hanifa yana da tushe, kada mu share shi. Wannan ruwan tsarki yana da wani tarihi mai ɗaci.

A ranar 20 ga Maris 1927, Dakta Ambedkar ya jagoranci dubban 'yan Dalit, waɗanda a da ake ce wa ba a taɓa su, zuwa wani tafki na jama'a mai suna Cabdar a garin Mahad, cikin jihar Maharashtra ta yau. Ba abin da suka je yi illa su sha ruwa. Tafkin nan dabbobi suna sha, amma an hana waɗannan bayin Allah. Suka sha, aka bi su da duka, sannan manyan garin suka shirya tsarkake tafkin da kashin saniya da fitsarinta da madara da nono, ana karatu a kai. Ka duba wannan: a wurinsu kashin dabba ya fi leɓen ɗan Adam tsarki. Ambedkar ɗin nan shi ya shugabanci kwamitin da ya rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, wanda ya fara aiki a 1950, kuma sashe na 17 ya haramta wannan wariya ƙarara. A 1989 aka sake yin wata doka ta hukunta masu cin zarafinsu. Duk da haka har yanzu jaridun ƙasar suna kawo labarin wurin bauta ko ofis da aka yayyafa wa ruwan Ganga bayan wani ɗan Dalit ya shiga. A ƙauyukan Tamil Nadu ma an daɗe ana yaƙi da masu shayin da ke ware musu kofi daban.

Saboda haka tulu ɗaya ne, karatu ɗaya ne, amma wani ya ɗauke shi don ya fita daga makoki, wani kuma don ya wulaƙanta maƙwabcinsa. Ba za a san wanne aka yi ba sai an tambaya.

Ɗan Nima

Gaisuwa daga Akara. Game da maganar baƙar fata, a nan Odorkor akwai wurin bautar Hindu da wani ɗan Gana ya kafa a 1975, kuma yawancin masu ibada a wurin baƙaƙe ne 'yan ƙasa. Ban ce babu wariyar fata a Indiya ba, 'yan'uwanmu ɗalibai suna ba da labari. Amma addinin nasu yana da mabiya baƙaƙe da suke riƙe irin wannan tulu da hannunsu.

Uwargida Ummi

Ni abin da ya ja hankalina daban ne. Ashe mu ma muna da kwatankwacin wannan. Da muka tare a gidanmu na Kaduna, sai da surukina ya tara almajirai aka sauke Alƙur'ani, aka yi turare, aka yayyafa ruwan tofi a kusurwoyi huɗu na gidan. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. Mai takaba tana zaune wata huɗu da kwana goma. Wanda ya dawo daga Makka yana adana zamzam a gida shekara da shekaru. Ba duk abu ɗaya ba ne?

Malam Na Ƙofar Mata

Uwargida, Allah ya ƙara sani, amma a nan sai mun rarrabe. Kamanni a zahiri ba ya sa abu biyu su zama ɗaya.

Takaba umarnin Allah ce a cikin Alƙur'ani, kuma ba don matar ta zama ƙazanta ba ne. Tana dafa abinci a ci, tana sallah, tana ɗaukar yara. Gidan da aka yi mutuwa a wurinmu ba ya rasa tsarki, shi ya sa muke cika shi da zaman makoki, ana sallah a ƙofarsa. Karanta Suratul Baƙara a gida ya zo a hadisi ingantacce, cewa Shaiɗan yana gudu daga gidan da ake karanta ta. Yayyafa ruwa a kusurwa huɗu kuwa al'adarmu ce, malamai sun yi saɓani a kai. Zamzam muna shan sa muna roƙon Allah, ba mu kiran wani ya sauka cikinsa. Wannan kiran shi ne iyakar da ke tsakaninmu da su, kuma ba ƙaramar iyaka ba ce.

Akwai kuma wani bambanci da ya shafi tambayar Maman Hanifa kai tsaye. Fiƙihunmu ya raba hadasi da najasa. Najasa abu ne da ake gani ko ake shaƙa, a wanke shi da ruwa ya tafi. Hadasi hali ne da ke hana mutum sallah har ya yi alwala ko wanka, amma ba ya tsallakawa daga jikin wani zuwa na wani. Abu Huraira ya taɓa zamewa daga wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don yana da janaba, da ya dawo aka ce masa mumini ba ya zama najasa. A mazhabar Malikiyya ma duk mai rai tsarkakakke ne, har guminsa da yawunsa. Su kuwa a wurinsu rashin tsarki yana bin taɓawa, yana bin jini da dangantaka, har ya ƙetare garuruwa ya sami gidan da ba a ga gawar ba. Idan ka fahimci wannan za ka gane dalilin da ya sa tsohuwa za ta guji rungumar yarinyar da take so.

Maman Hanifa, shawarata: ba za ki shiga ibadarsu ba, ba za ki sha ruwan ba, idan an miƙo miki ki ce na gode cikin ladabi. Amma haƙƙin maƙwabtaka yana kanki ko da maƙwabcin ba Musulmi ba ne. Idan rasuwa ce, ki sauka ki yi mata jaje.

Uwargida Ummi

Na gamsu Malam, Allah ya saka da alheri. Amma dai ina ganin buƙatar zuciyar ɗaya ce. Mutum yana son ranar da zai ce daga yau baƙin ciki ya fita daga gidan nan, a buɗe taga a dafa abinci.

Malam Na Ƙofar Mata

Wannan kam ban musa miki ba.

Ɗan Maraɗi

Tambaya gare ni. Na ji ana cewa ruwan Ganga ba ya lalacewa ko ya shekara a kwalba. Gaskiya ne ko labari ne?

Likitan Yara

Ɗan Maraɗi, maganar tana da asali, amma an ƙara mata gishiri. A 1896 wani Bature masanin ƙwayoyin cuta mai suna Ernest Hankin ya rubuta cewa ruwan Ganga da na Yamuna suna kashe ƙwayar cutar kwalara. Daga baya masana suka danganta irin wannan da wasu ƙananan halittu da ke cin ƙwayoyin cuta. Tagulla ma an tabbatar tana rage ƙwayoyin cuta idan ruwa ya kwana a cikinta, kuma a irin wannan tulu suke ajiye ruwan.

Sai dai kogin da Hankin ya gani ba shi ne na yau ba. Ganga ya haura kilomita 2,500, yana ratsa birane masu miliyoyin mutane. Majemun Kanpur suna zuba masa dattinsu, ruwan masai na garuruwa yana shiga. Gwamnatin Indiya da kanta ta ƙaddamar da shirin tsabtace shi mai suna Namami Gange a 2014. Na yi aiki da wata likita 'yar Hindu da take da ƙaramin tulun ruwan Ganga a liƙe a gidanta, na tambaye ta ko za ta ba ɗanta ruwan kogin a birnin Baranasi ya sha. Ta ce a'a, sai ta tafasa. Na ce to ina tsarkin? Ta ce tsarki daban, tsabta daban. A wurinta datti yana kan ruwan ne, bai taɓa asalinsa ba. Ban yarda da ita ba, amma na gane ba jahilci ne yake magana ba. Tun 2016 ma gidan wayar Indiya yake sayar da ruwan a kwalba, wanda aka ɗebo daga Gangotri da Rishikesh, can sama inda kogin bai gurɓata sosai ba. Ɗigo kaɗan suke zubawa a cikin ruwan gida, su ce duka ya zama Ganga.

Abu Safwan

Duk wannan bayani bai amsa dalilin da ya sa ya hau matakalarsu ba.

Tsohon Ɗalibin Pune

Matakalar ta masu gida ce, suna bi su hau rufin bene su shanya kaya. Ni abin da na lura da shi shi ne inda ya tsaya. Da yana ganin ɗakinsu ne tushen ƙazantar, ai nan zai fi so ya shiga.

Maman Hanifa

Na dawo. Na bi shawarar Malam da Hajiya Babba, na sauka bayan la'asar.

Ƙanin mijinta ne ya rasu a Kumbakonam. Mijin da ɗansu sun je, ita ciwon gwiwa ya hana ta tafiya. Ta ce ba ta gaya mini ba don ba ta san yadda mu muke ɗaukar irin wannan ba, ba ta so ta ɗora mini nauyi. Da na ce mata na zaci ni aka tsarkake, sai ta dafe ƙirji, idanunta suka kawo ruwa. Ta jawo Hanifa ta ɗora a cinya, ta ce kwana goma tana jin muryar yarinyar nan a sama tana son ɗaukarta ba hali. Ta ce ita ta gaya wa malamin ya tsaya a ƙofarmu, don ta san muna da namu addinin. Ta kawo kofi a ɗan kofin ƙarfen nan da kwanonsa, muka sha. Na yi mata ta'aziyya da 'yar Tamil ɗin da na iya, sauran da hannu. Na ji kunyar zaton da na yi mata.

Amma Barista, maganarka ba ta bar ni ba. Ina zaune sai ga matar da ke musu wanke-wanke da shara ta zo. Shekara biyu ina ganinta, yau ne na lura ta ƙofar baya take shigowa. Kofinta yana kan taga ta waje, shi kaɗai. Maami ta zuba mata kofi daga sama ba tare da butar ta taɓa kofin ba, ta tsaya a tsaye ta sha, ta wanke abinta a famfon waje ta mayar kan tagar. Ni baƙuwa daga Kano ina kan kujera, ita 'yar garin tana bakin ƙofa.

Barista Gusau

Abin da nake nufi ke nan. Ke baƙuwa ce, ba ki cikin lissafinsu. Ita tana ciki tun ranar da aka haife ta.

Hajiya Babba

Kafin mu ɗaga murya mu duba kicin ɗinmu. Gida nawa ne a Kano 'yar aiki take da kwanonta daban, ba don ciwo ba? Almajiri fa, a ina yake tsayawa idan ya zo karɓar abinci? Mutum nawa ne aka hana aure don an ce kakansa mahauci ne ko wanzami? Addininmu bai ce haka ba, mu muka ɗora wa kanmu.

Abu Safwan

Na janye maganata a kan tsohuwar, Allah ya yafe mini zato. A kan kofin tagar kuwa ban janye ba.

Maman Hanifa

Matar takan hau sama wani lokaci ta taya ni kwashe shara. Yau da safe na kira ta ciki, na dafa shayi na zuba mata a kofin da nake sha. Ta daɗe tana kallon kujera kafin ta zauna a bakinta. Ta sha, amma ta ɗaga kofin sama tana tsiyaya shayin a baki, leɓenta bai taɓa shi ba.

Tsohon Ɗalibin Pune

Haka mutanen kudu da yawa suke sha, manya da ƙanana, suna ƙyamar yawu ya taɓa kofi. Ki lura, Maami ma da wuya ta kai kofi leɓenta.

Maman Hanifa

Haka ne, na sha ganin Maami tana yi. Amma da ta gama na miƙa hannu in karɓa, sai ta ƙi ba ni. Ta nufi famfo da shi za ta wanke, na ce ta bari, ta tsaya riƙe da kofin tana kallona. Sai da Hanifa ta zo ta karɓe shi daga hannunta ta kai kicin. Ta ce gobe za ta zo da 'yarta su yi wasa da Hanifa, in dai Maami ba ta gani ba lokacin da za su hau matakala.